Ƙibar Allura

Wanda ya fara yi min barka da ƙiba wani abokin aikina ne a makarantar da nake koyarwa a Kabo. Muna zaune a ɗakin malamai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, wai ƙarin albashi aka yi maka mu ba mu sani ba? Dubi kumatu!" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida Gwarzo na ɗauki madubin maiɗakina na duba da kyau. Fuskata ta cika ta yi zagaye, wani ɗan tozo ya fito min a dokin wuya, tumbi ya turo riga, amma hannuwa da ƙafafu sai ƙara sirancewa suke yi. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, don haka ban kawo komai a raina ba. Har daɗi na ji.

Asalin maganar ta faro ne a daminar 2019, cikin watan Agusta. Na taso daga makaranta bayan Azahar, an ɗauke ruwa ke nan, kwalta tana sheƙi. Ban yi nisa da barin Kabo ba wata tunkiya ta yanko titi da 'ya'yanta biyu. Na taka birki, babur ya zame, na ji kaina ya yi gaba ya dawo baya kafin in kai ƙasa. Babu hular kwano a kaina. Masu aiki a gonar gefen hanya suka ɗaga ni, aka duba, ƙujewa ce kawai a gwiwa da gwiwar hannu. Na yi wa Allah godiya, na hau abina na ƙarasa gida.

Da asuba na tashi wuya ya ƙi juyawa.

Inna ta ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori. Ya shafa man kaɗanya, ya murza, ya kama kaina ya ja har na ji ƙas. Na samu sauƙin kwana uku. Bayan nan wanzami ya yi min ƙaho a dokin wuya, aka zubar da jinin da aka ce mataccen jini ne. Shi ma sauƙin bai kai mako ba. Ciwon yakan taso daga ƙeya, ya gangaro ta gefen dama, ya tsaya a allon kafaɗa kamar an kafa ƙusa. Idan na yi rubutu a allo na minti goma sai hannu ya yi nauyi. A kan babur ba na iya waiwaye, sai dai in tsaya in juya gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne sallamar salla: kowa a sahu ya juya kansa dama da hagu, ni kuwa sai in juya da kafaɗu da ƙirji kamar an ɗaure ni a jikin itace.

A cikin wannan hali wani maƙwabcina ya ce, "Kai ma da son wahala kake. Je ka wajen Dakta ya yi maka haɗi."

Wanda muke kira Dakta ba likita ba ne, mai kemis ne, kuma duk mun san haka. Saurayi ne mai fara'a, yana ba da bashi, ko ƙarfe biyun dare ka buga masa ƙofa zai buɗe. Na yi masa bayani, ya ce, "Ciwon jijiya ne, Malam." Ya fasa 'yan kwalabe uku, ya zuƙe su a sirinji, ya ja labule, ya yi min a mazaunai. Na biya N500. Kafin in gama cin tuwon dare wuyana ya saki. Ranar na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin faɗuwar. Da na idar da sallar Asuba na juya kai dama da hagu ba tare da jin komai ba, sai da hawaye ya zo min.

Wanda bai taɓa kwana da ciwo ba zai ga wautata. Amma mu da muka tashi a ƙauye mun tashi da imanin cewa allura ita ce magani na gaske, ƙwaya kuwa rarrashi ce. Muna yara idan zazzaɓi ya ƙi ji, allurar kulorakwin ake yi mana, mu kwana muna susa, mu tashi garau. Idan aka kai mutum asibiti aka sallamo shi da ƙwayoyi kawai, sai ka ji ana cewa ba su duba shi da kyau ba. To ga shi na gani a jikina. Sauƙin yakan yi kwana biyar ko shida, sai ciwon ya dawo, sai in koma. Da farko sau ɗaya a mako, daga baya sau biyu. Na shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a haka, ban taɓa tambayar sunan abin da ke cikin kwalaben ba.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Inna ta haura shekara sittin, kuma tun tana yarinya kanta bai huta ba: tulun ruwa daga rijiya, ƙunshin itace, kwaryar dawa zuwa inji, duk a kan gammo. Ta daɗe tana fama da wuya da kafaɗu, tana shafa man zafi tana ɗaure kai da ɗankwali. Da na ga yadda nake samun sauƙi sai na ce ta zo in kai ta. Ta ƙi. Ta ce, "Ni ban son a riƙa soka min ƙarfe a jiki." Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kiran sunana, Malam take ce min kamar kowa. Na yi ta lallashi har ta ce, "To, Malam, tunda kai ne mai ilimin." Ni na goya ta a babur, ni na biya kuɗin. Wata biyar ina kai ta.

Azumin 2021 ya faɗo cikin zafin Afrilu. Ƙishirwa ta dame ni fiye da ta kowace shekara, da daddare kuma in tashi fitsari sau biyar ko shida. Rubutun littafi ya fara yi min hazo. Ranar azumi na tara ina tsaye gaban aji jiri ya ɗebe ni, sai da na dafa tebur. Washegari na je asibiti a nan Gwarzo. Aka gwada jinina, suga ya hau sosai. Ma'aikaciyar da ta duba ni, wata dattijuwa mai gilashi, ta tambaye ni ko akwai masu ciwon suga a gidanmu, na ce babu. Ta ce wane magani nake sha, na ce ba na shan komai. Gaskiya na faɗa a ganina, domin allura ai ba sha ake yi ba. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce in ɗaga riga. Cikina duk nankarwa ce kamar na mai jego.

Ta ce, "Malam, allura fa?"

Na ce, "Sai dai ta wuya."

Ta ce in je in samo sunayen abin da ake yi min, kuma kada in yi gaban kaina in daina komai sai na dawo. Dakta bai ɓoye ba, ya rubuta min a bayan kwalin magani: diclofenac, dexamethasone, da sinadarin bitamin B. Da na kai mata ta gyaɗa kai kamar wadda ta riga ta san amsar.

A nan na fara sanin abin da na kwashe watanni ina saya. Diclofenac maganin ciwo da kumburi ne, yana aiki, amma yawan amfani da shi yana cin bangon ciki har ya kawo olsa, yana kuma wahalar da ƙoda. Dexamethasone kuwa yana cikin magungunan da ake kira siteroyid. Yana kwantar da kumburi da sauri, shi ya sa ake jin kamar an zare ƙaya. Idan aka daɗe a kansa yana tara kitse a fuska da ciki da dokin wuya, yana cinye naman hannu da ƙafa, yana hawar da suga da jini, yana rage ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki. Ƙibar da ake yi min barka da ita ke nan. Wani abin kuma, jiki da kansa yana yin irin wannan sinadari a wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Idan aka daɗe ana ba shi daga waje sai su yi kasala su rage aiki. Wanda ya yanke maganin rana ɗaya yana iya faɗuwa, jininsa ya yi ƙasa, har a rasa shi. Dalilin da ya sa ta hana ni dainawa da kaina ke nan. Likita ya mayar da ni kan ƙwaya, ana rage ta kaɗan-kaɗan tsawon makonni, ya kuma ba ni takarda zuwa Asibitin Ƙashi na Dala domin a duba wuyan da kansa.

Sai a lokacin wani abu ya faɗo min: duk allurar da aka yi min, ko ɗaya ba ta je wuyana ba. A mazaunai ake yin ta, ta bi jini ta zagaye jiki duka, ta rufe bakin ciwon na 'yan kwanaki. Wuyan yana nan yadda tunkiya ta bar shi.

Kafin ranar zuwa Dala na shiga bincike a waya, kamar yadda kowa yake yi yanzu. Na ci karo da wata allura da Turawa ke kira furolotarafi, wadda aka ce ita a kan jijiyar da ta saki ake yin ta, ta gyara ta daga tushe. Wani likitan tiyata ɗan Amurka, George Hackett, shi ya yaɗa ta a shekarun 1950. Ruwan suga mai kauri ake haɗawa da maganin kashe zafi a tsira a inda jijiya ta kama ƙashi, da nufin a tayar da ɗan kumburi da gangan, wai jiki ya farka ya sake ɗinke wurin. Na ga bidiyon mutane suna murna, na ce to ga irin tawa ta zo. Har yanzu zuciyata allura take nema, sai dai wadda ta fi ta Dakta.

Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 70 ce, ta Kabo da Rimin Gado a shiga gari ta gaban sabuwar Jami'ar Bayero. Na yi sammako na isa asibitin, wanda tun 1959 yake karɓar masu karaya daga ko'ina a Arewa. Aka ɗauki hoton wuyana. Likitan ya sa na matse yatsunsa, ya bubbuga gwiwar hannuna da 'yar guduma, ya sa na yi tafiya a kan layi. Ya ce babu karaya, babu gocewar ƙashi, babu alamar an danne laka. Na ce, "To likita, an ce min ciwon jijiya ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Wace jijiyar?"

Ya ɗauko wani ƙashin wuya na roba a kan teburinsa ya nuna min. Mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, amma abubuwa huɗu ne. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu, mai sa a ji taɓi da zafi. Akwai wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Akwai kuma wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi kamar igiyar da ke riƙe da darni. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, an jera su da faifan guringuntsi a tsakani, suna ɗauke da kan da ya kai nauyin kilo biyar. Lokacin da kaina ya yi gaba ya dawo baya, waɗannan igiyoyi da tsokokin da ke kewaye da su ne suka ja fiye da ƙima. Irin wannan rauni yawanci yana warkewa cikin makonni ko 'yan watanni idan ana motsa wuyan a hankali. Ni kuwa sai na ƙanƙame shi don tsoro, tsokoki suka yi rauni, ranar da allura ta rufe ciwon kuma in hau babur in yi ta bin gargada kamar ba abin da ya same ni.

Na nuna masa abin da na gani a waya. Bai yi min dariya ba. Ya ce lallai akwai alluran da ake yi a wuya a asibiti, kuma kowace da wurinta. Akwai wadda ake yi a ƙullin tsoka da ya ƙi saki. Akwai wadda ake yi a ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙasusuwan. Akwai wadda ake kaiwa kusa da laka idan faifai ya danne jijiyar hannu. Masu zurfin ba a yin su da ka, sai ana kallon bakin allurar a na'urar hoto, domin a wannan ɗan wuri laka take, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ma ta nan suka bi, wasu ta cikin ramukan ƙasusuwan kansu, ga kuma saman huhu a ƙasa kaɗan. Ita kuwa ta ruwan suga, ya ce binciken da aka yi a kanta bai tsaya a magana ɗaya ba, wanda ya shafi wuya ma kaɗan ne. Ya ƙare da cewa, "Kai ba ka kai nan ba, Malam. Ko waɗanda ake yi wa, sauƙi ake saya musu don su samu damar motsa jiki. Motsin shi ne maganin."

Daga baya na karanta cewa ko a ƙasashen da ke da kayan aiki abin ba wasa ba ne. A 2012 a Amurka, wani ruwan siteroyid da ya gurɓace da aka yi wa masu ciwon baya da wuya ya kwantar da mutum fiye da 750, da yawansu da sanƙarau, fiye da 60 suka rasu. A 2014 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa allurar da ake kaiwa kusa da laka, ko da yake ba kasafai ba, tana iya kawo shanyewar jiki ko makanta ko mutuwa. Idan haka ne a inda ake da na'ura, ina ga bayan labule?

Aka tura ni sashen gashi. Na zaci wata babbar na'ura za a sa min. Sai wani matashi ya zaunar da ni ya koya min abubuwan da na raina: in ja haɓata baya kamar mai ƙin abinci in riƙe, in dafa goshi da tafin hannu in tura ba tare da kai ya motsa ba, in haɗe allunan kafaɗa ta baya, in juya kai a hankali har inda zan iya. Ya ce in riƙa ɗora tawul mai ɗumi, in rage tudun matashi, in daina sunkuyar da kai a kan waya, in sa wa babur madubi in sayi hular kwano. Na ce a raina, na biya kuɗin mota tun daga Gwarzo don a ce in ja haɓa? Makonnin farko sun yi min tsanani, ga ciwo ga babu allura. Sau biyu ina zuwa har ƙofar kemis in juyo. Sai a wata na uku na lura na waiwaya na amsa sallamar wani a kan hanya ban sani ba.

Ya kuma gaya min alamomin da ba a jira da su, na rubuta na liƙa a ɗakin malamai: hannu ya mutu ko ya riƙa sakin abu, ƙafa ta riƙa harɗewa, fitsari ya ƙwace, wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, ko ciwon ya zo da rama da gumin dare. Waɗannan ba na mai ɗori ba ne, ba na kemis ba ne.

Abin da ya fi min wuya duk cikin wannan tafiya shi ne zama gaban Inna, tun a makon da aka gano sugana. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Na yi mata bayani ina kallon ƙasa. Ta ajiye faifan ta ce, "Malam, kai ka ɗauke ni ka kai ni ina cewa ban so. Yanzu da na samu abin da ke sa ni barci, kai ne kuma za ka ce in bari?" Ban da amsa. Na ce, "Inna, ki yafe min, ban sani ba." Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ilimin naku ma yana da iyaka." Washegari ta shirya muka je asibiti. Jininta ya hau, kuma ashe ta daɗe tana jin zafi a ƙahon zuci tana ɓoyewa, tana shan kanwa. Allah Ya taimaka ƙodarta lafiya. Ita ma aka janye ta a hankali, aka ɗora ta a kan maganin hawan jini da na olsa. Har yau tana shan na hawan jinin, kuma duk ranar da na je karɓo mata sai na tambayi kaina ko da hannuna a ciki.

Na koma wajen Dakta, ba da faɗa ba. Na nuna masa takardun gwajina. Jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Wallahi Malam ban san yana kai wa haka ba. Amma ka sani, idan na ba mutum ƙwaya sai ya ce ban yi masa aiki ba, gobe ya tafi wajen na gaba." Na san lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba shi damar yin irin wannan allura ba, kuma na gaya masa haka. Amma ban iya ɗora masa laifin duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana yin allura wajen biliyan 16 a shekara a duniya, kuma ta ce da yawa daga ciki ba a buƙatar su, ƙwaya ma za ta wadatar. Mu muke zuwa da bukatar. Manomin da wuyansa ya riƙe ana tsakiyar noma, ko matar da ke da tallan da za ta kai kasuwar Getso, ba su da kwana guda na zuwa Kano, balle wata uku na jan haɓa. Shi yana nan kusa, kuma abin da yake bayarwa yana aiki a daren. Abin da zai biyo baya sai bayan shekara ake gani, lokacin kuma ba wanda zai danganta shi da allura.

Yanzu suga ya sauka, likita ya ce in ci gaba da gwaji lokaci-lokaci. Wuyan bai koma kamar da ba. Da hunturu, ko lokacin da na kwana biyu ina duba takardun jarrabawa, yakan tuna min da kansa, sai in ɗumama ruwa in koma kan motsin da aka koya min. Inna na yi mata yarjejeniya da mai garuwa yana kawo ruwa kullum, na sayi baro don kai niƙa. Duk da haka ranar nan na dawo na tarar da ita da ƙunshin kara a ka, ta ce ai wannan ba kaya ba ne. Na sauke mata, ta bi ni da harara. Da yamma kuma na leƙa na gan ta zaune a kan tabarma, jikarta tana ƙirga mata, tana jan haɓa baya tana dariyar kanta.

Kumatun sun tafi cikin wata shida. Abokin aikin nan nawa ya sake dubana a ɗakin malamai ya ce, "Malam, ka rame fa. Lafiya kuwa?" Na ce masa lafiya lau, sai dai in yana da lokaci akwai labari. Ya ja kujera ya zauna, ya ce dama shi ma bayansa ya dame shi, kuma mako uku ke nan da aka fara yi masa haɗi.